Fulin Famfon Sitiyari: Aikin da Ba ya Son Guduma

Shirin na yau na masu tsofaffin motoci ne, da direbobin haya, da kanikawa da yaransu masu koyon aiki. Zancen zai tsaya a kan wani ɗan faifai da faɗinsa bai wuce tafin hannun babban mutum ba, wanda ke zaune a goshin famfon sitiyari, bel yana juya shi. A gareji sunansa fuli. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin famfon da yake juyawa, amma wajen cire shi da mayar da shi ne famfuna masu lafiya da yawa suke gamuwa da ajalinsu.

Direban da ya taɓa jan tsohuwar a-kori-kura marar fawa ya san yadda ake kokawa da sitiyari idan za a juya mota a lungu. Wannan kokawar ce wani injiniya Ba'amurke mai suna Francis Davis ya nemi kawarwa, inda a 1926 ya nuna sitiyarin da mai ke taimaka wa juyawa. Abin bai shiga motocin gida na kasuwa ba sai a 1951, lokacin da kamfanin Chrysler ya sa shi a motarsa Imperial. Daga nan ya bazu. Yau sababbin motoci sun koma amfani da ɗan injin lantarki, ba famfo ba mai, kamar Camry daga 2012 da Accord daga 2013. To amma motocin da suka cika titunan Kano da Kaduna da Sakkwato da Maraɗi, waɗanda akasarinsu sun gama rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin su sauka a Legas ko Kwatano, har yanzu da famfo suke aiki, kuma kowane famfo da fulinsa.

Yadda abin yake tafiya ba shi da wuyar ganewa. Inji yana juya babban fulin da ke ƙasa, bel ya ɗauki juyin ya kai wa fulin famfo, fuli ya juya sandar da ta shiga cikin famfon. A can ciki akwai wani dunƙulen ƙarfe mai tsage-tsage, da ƙananan faranta da ke leƙowa suna komawa yayin da yake juyawa, suna kwasar mai suna tura shi cikin tiyo da ƙarfi. Ƙarfin ba na wasa ba ne. Mai faci yana ba tayar ƙaramar mota iska geji 32 zuwa 35. Famfon sitiyari kuwa, idan direba ya murɗe sitiyari har ƙarshe, matsinsa kan haura 1,000 a kan wannan ma'aunin. Duk wannan nauyin ta kan fuli yake bi. Idan ya karkace, ko ya tsage, ko ya fara zamewa a kan sandarsa, direba zai ji a hannu kafin ya gani da ido.

Alamun sanannu ne. Sitiyari ya riƙa yin tauri yana sakewa, musamman wajen fakin. A ji wani ɗan tsuwwa, cik-cik-cik, yana bin juyin inji. Bel sabo ya fara zaizayewa ta gefe guda, baƙin garinsa yana taruwa a jikin inji, ko kuma ya riƙa ficewa gaba ɗaya. Idan aka buɗe bonet inji na aiki aka dubi fulin ta gefe, sai a ga yana rawa maimakon ya tsaya cak kamar ba ya motsi.

Sai dai a nan ne ake yawan yi wa fuli ƙazafi. Mai mota ya shigo gareji yana cewa, "Oga, sitiyarina yana kuka," kafin ya rufe baki an ce masa famfo ne ko fuli ne, a kawo kuɗi. Makaniken kirki yakan fara bambance kukan. Gurnani ko kuka mai tsawo da ke ƙaruwa idan an juya sitiyari, galibi ƙarancin mai ne ko iska ta shiga cikinsa. A tsofaffin Honda ma wani ɗan zoben roba da ke bakin tiyon da ke kawo mai cikin famfo yakan bushe ya riƙa shan iska, kuma canza shi kaɗai yana kashe kukan. Ƙara mai kaifi da sassafe ko lokacin da aka kunna esi, wannan bel ne ya saki. Akwai gwajin da kamfanonin bel da kansu suke koyarwa: a fesa ɗan ruwa a cikin bel, ɓangaren da ke da layuka, inji na aiki. Idan ƙarar ta ƙaru, bel bai ɗaure ba. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, to fulolin ba sa kan layi ɗaya, kuma a nan ne za a fara zargin fuli.

Ko an ga fuli yana rawa, ba a gama bincike ba. A kashe inji, a sauke bel, a kama fulin da hannu a girgiza shi sama da ƙasa. Idan sandar famfo tana wasa tare da shi, boris ko bushin da ke ciki ne ya cinye, kuma sabon fuli ba zai warkar da wannan ba. Idan mai yana tsattsafowa ta bayansa, sil ya tafi. Haka kuma a leƙa babban fulin inji na ƙasa, domin a motoci da yawa akwai roba a tsakiyarsa, idan ta ruɓe shi ma yakan karkace ya jefar da bel, a bar shi a kama ƙaramin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

To idan an tabbatar fulin ne, me ya kashe shi? Na ƙarfe yakan lanƙwashe idan mota ta yi karo ta gaba, ko idan wani ya taɓa sa ƙarfen taya ya ɓanɓare shi. Tsatsa takan ci kwarin da bel ke kwanciya, musamman motocin da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Na roba kuma, irin wanda ke kan BMW samfurin E46 da wasu motocin Jeep, zafi da shekaru ne ke busar da shi har ya tsage. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon, don yashi idan ya shiga tsakanin bel da fuli, a hankali yake goge layukan har su daina riƙe bel.

Kafin a ɗauki sifana, tambaya ɗaya ce ke raba aikin: yaya aka ɗaure wannan fulin a kan sandarsa? Hanyoyi uku ne, kuma ana gane su da kallo.

Akwai mai kusoshi uku a fuska, kamar na Golf 3 da BMW ɗin da aka ambata. Wannan ba shi da rigima. Dabarar kawai ita ce a sassauta kusoshin tun bel yana ɗaure, don shi zai riƙe fulin kada ya juya, sannan a sauke bel a ƙarasa kwancewa. Wajen mayarwa a goge fuskar da zai zauna a kai, domin ɗan ɓarɓashin tsatsa a bayansa ya isa ya sa shi rawa. Idan na roba ne kada a ɗaure kusoshin da ƙarfin tsiya.

Akwai mai noti guda a tsakiya, irin na tsofaffin Toyota da Honda. Sandar tana da haƙora ko kuma wani ɗan ƙaramin maɓalli mai siffar rabin wata da ke hana fuli zamewa. Wannan ɗan maɓallin yakan faɗi ƙasa ya ɓace a cikin baƙin yashin gareji, kuma yaron da ya mayar da fuli ba tare da shi ba, ya shirya wa maigidansa dawowar mota. A wasu tsofaffin famfuna zaren notin na hagu ne, wato ta inda aka saba ɗaurewa ta nan yake kwancewa. Wanda ya ga noti ya ƙi motsi, gara ya tsaya ya dubi zaren kafin ya ƙara wa sifana bututu.

Na uku shi ne mai matsala, kuma shi ne dalilin wannan shiri. Ba noti, ba kusa. A tsakiyarsa ba a ganin komai sai kan sandar famfo da ɗan rami a cikinta. Irin wannan ya fi yawa a motocin Amurka: Chevrolet da GMC da sauran 'ya'yan kamfanin General Motors masu amfani da famfon da ake kira Saginaw, sunan garin da ke jihar Michigan inda aka daɗe ana ƙera shi, da kuma Ford da Jeep da Dodge. An yi ramin fulin ya ɗan fi sandar ƙanƙanta, da abin da bai wuce kaurin silin gashi ba, sannan aka matsa shi a kai da ƙarfi. Matsewar ce kaɗai ke riƙe shi, kuma tana riƙe shi shekara da shekaru.

Makaniken da ya saba da Toyota da Peugeot da Golf, ranar da aka kawo masa irin wannan, abin da hannunsa zai fara nema shi ne guduma, ko kuma fula mai ƙafa uku da ake cire giya da ita. Duka biyun ɓarna ce. Fula mai ƙafa uku bakin fulin take kamawa, can gefe inda ƙarfen yake da sirantaka, alhali riƙon yana tsakiya. Bakin zai lanƙwashe tun tsakiyar ba ta motsa ba. Idan na roba ne ma sai dai a tsince shi gutsu-gutsu. Wani zai ce ai dama jefar da shi za a yi. To, sau da yawa ba fulin ne ya lalace ba, famfon ake canzawa, kuma sabon famfo irin wannan yakan zo tsirara ba fuli, dole a ciro tsohon lafiya lau a mayar a kan sabon.

Guduma kuwa ta fi muni. Sandar famfo ba a jikin dutse take ba. Ƙarshenta yana cikin famfon, inda ɗan zoben ƙarfe ke riƙe da ita a jikin dunƙulen nan mai juyawa, tsakanin faranta biyu da aka goge su sumul don kada mai ya tsere. Kowane bugu da aka yi a waje, can yake sauka. Zobe ya fita daga mazauninsa, faranti ya ƙarje ko ya tsage. Abin takaicin shi ne ba a nan take ake gani ba. Mota za ta fita gareji sitiyari na juyawa, bayan 'yan kwanaki a dawo da ita tana gurnani, sai a ce ai famfon da aka sayo ne ba shi da kyau, a koma ana rigima da mai shago.

Kayan aikin da aka yi domin wannan ba babba ba ne, yana zuwa a ɗan akwati. Idan aka dubi wuyan fulin da kyau za a ga wani ɗan kwari da ya zagaye shi. Na'urar tana da ɓari biyu na ƙarfe da ke rungumar wannan kwarin, da zoben da ake zurawa a kansu don kada su buɗe, da doguwar kusa da ke tokare kan sandar famfo. A shafa giris a zaren kusar, a riƙe ɗaya da sifana, a juya ɗaya, fuli zai riƙa fitowa sannu a hankali, a miƙe, ba tare da an taɓa bakinsa ba. Da farko yakan yi gardama, sai a ji ya yi ɗan ƙara ya saki. Garejin da motocin Amurka ke zuwa masa bai da hujjar rasa wannan akwatin, idan ma ya gagari mutum ɗaya, kanikawan layi guda za su iya haɗa kuɗi su saya su riƙa aron juna.

Amma kafin a ja shi, akwai abin da ake mantawa: a duba inda tsohon yake zaune. Kan sandar ya yi daidai da fuskar fulin, ko ya ɗan nutse, ko ya ɗan leƙo? A auna, a ɗauki hoto da waya. A ɗauki hoton yadda bel ya zagaya fulolin ma, domin takardar zanen da kamfani ke liƙawa a ƙarƙashin bonet ta daɗe da gogewa a yawancin tsofaffin motoci, kuma bel guda mai zagaya fuloli shida ko bakwai yana iya cinye wa mutum yammaci guda yana juya shi.

A cire kan batir na baƙar waya kafin a zura hannu. Fankar lagireto mai lantarki tana iya tashi da kanta ko da inji a kashe yake, in dai da zafi. Mai motar da ya zo leƙe da babbar riga ko hannun kaftani mai faɗi, ko carbi na lilo a hannu, a ce masa, "Alhaji, ɗan ja baya," tun kafin a tayar da inji. Bel ba ya tambayar mai riga.

Sai batun sayen wani. Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko mai aikawa Ladipo a Legas, ya tafi da tsohon a hannu, kada ya dogara da sunan mota kawai. Mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da inji daban-daban, ƙirar Amurka daban ta Turai daban, ga kuma tsohuwar mota da wataƙila an taɓa canza mata inji ko famfo tun kafin ta zo hannun mai ita na yanzu. A kifa sabon a kan tsohon. Faɗin ya zama ɗaya, domin ƙaramin fuli zai sa famfo gudu fiye da ƙima ya riƙa zafi, babba kuma zai sa sitiyari nauyi idan inji yana silo, sannan tsawon bel ba zai yi daidai ba. A ƙirga layukan. A dubi zurfinsa, wato nisan da ke tsakanin inda yake zama da inda bel ke bi, don nan ne ake yawan faɗawa: fuloli biyu su yi kama ta fuska, a kwantar da su a kan tebur a ga ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Ɗan Beljiyam, wato na hannu, ba laifi ba ne idan na ƙarfe ne kuma a miƙe yake. A mirgina shi a kan gilashi ko shimfiɗaɗɗen tebur a gani. Na roba kuwa da ya riga ya sha zafin inji shekara ashirin, sayensa sayen matsalar wani ne. Irin mai matsewa kuma yana da wani sirri: duk lokacin da aka cire shi aka mayar, riƙonsa yana ɗan raguwa. Idan aka ɗora shi a kan sanda ya shige da turin hannu, ya gama aiki. Wasu sukan ce a ɗan ɗiga masa walda. Zafin waldar yana bin sandar ya ƙone sil ɗin da ke bayanta, mai ya fara zuba, kuma ranar da famfon ya mutu sai a jefar da su tare.

Wajen mayarwa ne ramin nan na tsakiyar sanda yake da amfani. Zare ne a cikinsa, kuma domin wannan aikin aka yi shi. A wanke shi tas, don tsatsa da laka sukan cika shi. A goge sandar da lallausar takardar yashi idan ta yi tsatsa, ba don a rage ta ba, a shafa ɗan mai. A ɗora fuli a miƙe, fuskar da ta dace tana waje. Sai a ɗaura kusar na'urar cikin ramin har ta kai ƙarshe, a riƙe ta kada ta motsa, a riƙa juya babban notin da ke kanta. Notin ne ke tura fuli ciki, kusar kuma tana jan sandar waje, saboda haka ƙarfin yana ƙarewa tsakaninsu, ba abin da ya isa cikin famfo.

Wanda ba shi da na'urar zai iya haɗa tasa da doguwar kusa mai ƙarfi, da noti, da wasa-wasai masu kauri biyu ko uku da aka shafa wa giris. Sharaɗi biyu ne. Na farko, kusar ta zama mai taurin gaske, irin mai lamba 8.8 ko 10.9 a kanta idan ta milimita ce, kuma noti ake juyawa ba ita ba. Wanda ya juya kusar zai cinye zaren sandar ko ya karya ta a ciki, aikin rabin awa ya koma neman mai haƙo karyayyar kusa. Na biyu, zaren ya dace. Famfon Saginaw da ma'aunin inci aka yi shi, uku bisa takwas na inci, zare 16 a kowane inci. Kusar milimita 10 da ta cika akwatunan kanikawanmu tana kama da ita a ido, za ta ɗan kama a farko sannan ta cije. Idan ta cije tun a juyi na biyu, ba tata ba ce, a fito da ita.

Har ina za a tura shi? A yawancin famfunan General Motors, sai fuskar wuyan fulin ta yi daidai da kan sandar, a shafa da yatsa a ji ba tudu ba kwari. Amma hukunci na ƙarshe na layin bel ne. Idan an kusa kaiwa sai a tsaya, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko rula a fuskar fulin zuwa na kusa da shi, a duba ko layukan sun fuskanci juna. Tsakanin layi da layi a bel na zamani milimita 3.56 ne kacal, don haka kuskuren da ido zai raina ya isa ya sa bel ya hau baki ya fara yagewa. Gara a tura kaɗan a auna, a ƙara a auna, domin idan ya zarce sai an sake ɗauko fula an jawo shi, kuma idan ya zarce da yawa zai riƙa gugar jikin famfo.

Bel ɗin da ya yi aiki a kan karkataccen fuli ya riga ya ci gefe, mayar da shi rowa ce marar riba. Lambar da ke bayansa tana faɗin komai: idan an ga 6PK1870, layuka shida ne, tsawo milimita 1,870. Kuma kada a ce tunda bai tsattsage ba lafiyarsa ƙalau. Robar da ake yin bel da ita yanzu ba ta cika tsagewa kamar ta da ba, sai dai layukan su sirance, kwarin ya zurfafa, ya riƙa zamewa yana sheƙi.

Ɗaurin bel ya danganta da motar. Camry mai silinda huɗu ta 1992 zuwa 2001 tana da ɗan bel na famfon sitiyari shi kaɗai, kuma famfon ake turawa a ɗaure shi. A nan ma ana ɓarna, domin akwai masu sa ƙarfen taya a jikin tankin mai ko a bayan sabon fulin su banƙara. Ɗaurin da ya wuce ƙima yana cin bushin famfo ta gefe guda. Ma'aunin da aka saba shi ne a danna tsakiyar bel da babban yatsa da ƙarfi, ya lotsa kamar santimita guda. Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008 kuwa bel ɗaya ne ke juya komai, kuma tanshina ce ke ɗaure shi da kanta. Aikin makanike shi ne ya duba ko ita ma ba ta gaji ba, ya juya ƙaramin fulinta da hannu ya ji ko boris ɗinsa yana ƙara.

Wannan bambancin ya shafi direba kai tsaye ranar da fuli ya fashe a hanya. A motar da famfo ke da bel nasa, sitiyari ne kawai zai yi nauyi. Bai kulle ba, ana iya juya shi da ƙarfi, kuma ana iya lallaɓawa a hankali zuwa gari. A mota mai bel ɗaya irin Corollar nan, da bel ya faɗi altaneta ta daina caji, famfon ruwa ya tsaya. Fitilar batir za ta kama, allurar zafi ta fara hawa, cikin 'yan mintoci inji ya dafu. Direban da ya ji sitiyari ya yi tauri farat ɗaya ya kuma ga jar fitilar batir, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya rage gudu ba tare da taka birki da ƙarfi ba, ya sauka gefe ya kashe inji. Ƙoƙarin a ƙarasa Zariya ko a kai Wudil da haka shi ke mayar da asarar fuli ta zama asarar gasket, wani lokaci ta inji sukutum.

Idan aikin ya kai ga kwance tiyo ko sauke famfo, to mai ya zube kuma iska ta shiga. Ba kowane jan mai ne na kowace mota ba. Tsofaffin Toyota man giya na otomatik irin Dexron suke sha. Honda tana da nata na musamman, kuma ba ta son wani. Yawancin Volkswagen da Audi, da wasu BMW, koren mai ne irin Pentosin. Murfin tankin yakan faɗa, a goge shi a karanta. Man birki kuwa ko kusa, domin yana kumbura robobin da ke ciki, famfo da rak ɗin sitiyari duka su fara yoyo.

Fitar da iskar ba ta buƙatar komai sai haƙuri. A ɗaga gaban mota da jak tayoyi su bar ƙasa, a sa abin tokare, a cika tanki zuwa alama. Inji a kashe, a riƙa juya sitiyari daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu a hankali, sau goma sha biyar zuwa ashirin, yaro yana tsaye yana kallon tanki yana ƙara mai idan ya sauka. Idan kumfa ta daina tasowa sai a tayar da inji a maimaita. Kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙoƙi, don a nan matsi ke kai maƙura, mai ya yi zafi. Idan man ya koma fari-fari mai kumfa, a kashe inji a bar shi ya kwanta kafin a ci gaba.

Daga nan sai a sauke mota, makanike ya tsuguna ta gefe inji na silo, ya dubi sabon fulin: ba rawa, bel yana bin tsakiya, ba ya hawa baki. A kunna esi da manyan fitilu, a juya sitiyari, a saurara. A zagaya da motar, a dawo a sake leƙa tanki da bayan fulin ko akwai danshin mai. Sabon bel irin wanda ake ɗaurewa da hannu yakan ɗan saki bayan ya yi aiki, saboda haka mai motar ya dawo da ita bayan kwana biyu ko uku a sake danna shi da yatsa, a kuma duba kan sandar a tabbatar fulin yana nan inda aka bar shi.